Kunnen Mai Gyara da Aljihun Mai Kaya: Cinikin Saitin Fiyano a Accra

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Jama'a masu sauraro, na Nima da Mamobi da Kanda, na Sabon Zongo da Fadama da Madina, da duk inda muryarmu ta kai,  shirinmu na musamman na yau zai leƙa wata sana'a ce da ba kasafai ake hirarta a majalisunmu ba, wato gyaran fiyano da saita sautinsa, da yadda ake yanka wa aikin farashi.

Na san wani dattijo a ƙofar masallaci zai ce, "To mu ina ruwanmu da fiyano?" Baba, da gaskiyarka. Ba a jera shi a ɗakin amarya, kuma lungunanmu ma ba kowanne zai bar shi ya wuce ba. Amma a tsaya a bakin titin Nima a duba maƙwabta. Ga Kanda, ga Ridge, ga Cantonments, unguwannin otal-otal da gidajen jakadu da makarantun kuɗi, inda fiyano ke zaune a falo. A cikin Nima kanta akwai coci-coci, kamar Saint Kizito na 'yan Katolika, kuma coci ba ya rabuwa da kayan kiɗa. Ga ɗakunan ɗaukar waƙa na samari a unguwar da ta fitar da mawaƙan VIP, inda ƙanen fiyano mai aiki da lantarki, wato kibod, yake kwana yana tashi. In kuma mutum ya gangara cikin gari zuwa Zongo Lane, wurin da Malam Naino ya kafa zangonsa a ƙarni na 19 kafin ɗansa Malam Baƙo ya ja jama'a zuwa Sabon Zongo, zai tarar yau layin ya yi suna wajen kayan lantarki da lasifika da kayan kiɗa. Masu dako da masu gyara da dillalai a irin waɗannan wurare, akwai 'ya'yanmu a cikinsu. Saboda haka ruwanmu ne, ko da ta ƙofar neman abinci.

A taƙaice, mishan ne suka shigo da wannan kiɗa ƙasar nan ta Gana. 'Yan Basel sun buɗe makarantar horar da malamai a Akropong a 1848, kuma waƙar coci na cikin karatun. Makarantar Achimota ta buɗe a 1927 ta ba kiɗa muhimmanci. Philip Gbeho, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa, shi ya jagoranci kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa a 1959, sannan Farfesa Kwabena Nketia na Jami'ar Legon, wanda ya rasu a 2019, ya rubuta kaɗe-kaɗen fiyano da aka gina a kan salon gangunan Afirka. Masu kaɗawa dai an samu. Masu gyarawa ne ba su taɓa yawa ba, kuma daga nan matsalar farashi ta samo asali.

(Sautin fiyano, maɓalli ɗaya ana maimaita shi)

Bari mu buɗe akwatin mu ga abin da ke ciki, domin wanda bai san aikin ba, ba zai san ladan aikin ba.

A waje maɓallai 88 ake gani, farare da baƙaƙe. A ciki akwai tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230, domin yawancin maɓallan kowanne tsirkiya uku yake bugawa lokaci guda, na ɓangaren murya mai kauri kuma biyu ko ɗaya. An ɗaure kowace tsirkiya a jikin ƙusar ƙarfe da aka kafa cikin wani katako mai tauri. In aka haɗa ƙarfin jan da suke yi gaba ɗaya, ya kai tan 18 zuwa 20, shi ya sa ake yi wa fiyano ƙashin baya na zubin ƙarfe. Mai saiti yana ɗora sifanarsa a kan ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa da ƙyar kamar ba ya juyawa, yana saurare. Ya fara da sauti guda da duniya ta yarda da shi: wata tsirkiya a tsakiyar fiyano da ya kamata ta kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. An amince da wannan ma'auni a wani taro a Landan a 1939, daga baya hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta tabbatar da shi. Daga wannan sauti yake gina sauran. In fiyano na da lafiya kuma ana kula da shi, aikin yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

To me ke warware saitin? Yanayi, kafin komai. Makaɗin ganga ya san fata na saki da damina, sai an shanya ta a rana ko an kara ta a wuta, da hunturu kuma ta ɗaure da kanta. Fiyano kishiyar haka yake yi. A bayan tsirkiyoyin akwai wani faffaɗan allo na katako mai ƙara amo. In laima ta yi yawa sai ya kumbura ya tura tsirkiyoyin, sautin ya hau. In iska ta bushe sai ya koma, sautin ya faɗi. Ku dubi Accra: bakin teku, danshi kusan duk shekara, babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, sannan hunturu ya sauko daga Disamba ya busar da komai cikin 'yan kwanaki. Masana sun fi so danshin ɗakin fiyano ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mu kuwa sau da yawa namu ya haura 80. Ga iskar teku mai gishiri tana sa tsatsa. Ga asu yana cin ulun gudumomin da ke bugun tsirkiya, ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera da ya samu ɗaki kyauta. Tun zamanin mulkin mallaka kamfanonin Ingila sun san haka, har suna ƙera fiyano na musamman domin ƙasashe masu zafi, suna ƙara ƙusa inda gam kaɗai ba zai riƙe ba.

Shi ya sa in mai gyara ya ce a riƙa kiransa sau biyu a shekara, ba lallai ne cin kuɗi yake nema ba. A wannan gari, sau biyun shi ne daidai.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. In tela ya ɓata maka riga, madubi zai gaya maka. In makanike bai gyara mota ba, kafin ka kai shataletalen Circle ta tsaya. Amma saitin fiyano aiki ne da mai biyan kuɗi ba ya gani, sau da yawa ma ba ya ji. Shugaban makaranta ko ma'ajin kwamitin coci shi ke biya, kuma wataƙila bai taɓa danna maɓalli ba. Ya ga dai mutum ya zo da 'yar jaka, ya yi ta ƙwanƙwasa sauti ɗaya har kai ya yi ciwo, ya rufe, ya miƙo hannu. Daga nan zato biyu ke tasowa, kuma dukansu suna ɓata sana'ar. Mai kaya na ganin an cuce shi, tunda ba a sauya ko ƙusa ɗaya ba. Mai gyara marar tsoron Allah kuma na ganin ai ko me ya yi ba mai ganewa.

Ku saurari yadda cinikin yakan fara a waya. "Masta, nawa za ka saita mana fiyano?" Wanda ya yanka kuɗi nan take ba tare da tambaya ba, cinikin biri a sama ya yi. Gwani sai ya tambaya: na tsaye ne ko na kwance? Yaushe rabon a saita shi? Akwai maɓallin da ya maƙale? An taɓa ɗauke shi daga wani wuri? A wace unguwa yake? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta raini ba ce, domin wanda zai taso daga Mamobi zuwa Tema ko Kasoa cikin cunkoson garin nan, yininsa ya tafi. Kuɗin mota hakkinsa ne. Abin da ba hakkinsa ba shi ne ya duba girman get da irin motar da ke tsakar gida sannan ya ninka kuɗin aiki. In zai yi wa makarantar marasa ƙarfi rangwame, alheri ne, Allah ya ba shi lada. Amma aiki ɗaya, farashinsa na asali ya zama ɗaya.

Babban abin da ke haddasa rigima shi ne ayyuka daban-daban ne ake kira da suna ɗaya, "gyara". Saiti daban. Ɗaga sauti daban: in fiyano ya shekara biyar ko goma ba a taɓa shi ba, sautinsa duka ya zube ƙasa, kuma ba a iya mayar da shi a zagaye ɗaya. Kana jan tsirkiyoyin dama, nauyin da ka ƙara yana sassauta na hagu da ka gama. Dole a yi zagayen farko na jawo su kusa, sannan a yi na biyu na daidaitawa, wani lokaci ma a dawo bayan 'yan makonni. Aiki biyu ne, kuɗinsa ya fi na ɗaya, kuma wannan adalci ne matuƙar an faɗa kafin a fara. Sai daidaita injin ciki, wato dubban 'yan sassan katako da ulu da ke tsakanin yatsa da tsirkiya, wanda kan ci yini ko fiye. Sai gyaran muryar gudumomi in sun taurare sautin ya koma kamar ana bugun kwano. Sai sauya abin da ya karye. Mai gyaran da ya san mutuncin kansa yana rarrabe waɗannan a takarda, kowanne da kuɗinsa, kuɗin hannu gefe guda, kuɗin kaya gefe guda, ya bar mai kaya ya zaɓi abin da aljihunsa zai ɗauka yanzu da wanda zai jira.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata masu biya su sani. Fiyanon da sautinsa ya zube, ana iya daidaita shi da kansa a can ƙasan inda ya faɗa, ba tare da an ɗaga shi zuwa 440 ba. In an kaɗa shi shi kaɗai, daɗi ne da shi. Ranar da aka haɗa shi da kibod ko kakakin bature, ranar asiri ke tonuwa. Wannan ba kullum ne ha'inci ba. Tsohon fiyano mai tsatsa, in aka matsa masa, tsirkiyoyi na iya tsinkewa, kuma barinsa a ƙasa shi ne hikima. Ha'incin shi ne a yi haka a yi shiru, a karɓi kuɗin cikakken aiki. Yau ko wayar hannu tana da manhajar da za ta nuna ko sautin tsakiyar nan ya kai 440. Ba za ta gaya maka ko sauran saitin ya yi kyau ba, wannan sai kunnen makaɗi, amma ta isa ta kama wannan ɗaya.

Maganar tsinkewar tsirkiya kuwa, a yi ta tun sifana ba ta hau ƙusa ba. Wa zai biya in ta tsinke? Sirara ana iya samun wayarsu a naɗe. Masu kaurin nan da aka naɗe da jan ƙarfe kuwa, kowacce da awonta, yawanci sai an yi odarta daga waje. Kuma duk abin da za a yi oda, dala ce ke masa farashi. Mun ga abin da ya faru a 2022, lokacin da kuɗinmu sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Wanda ya yanka farashi a watan Yuni ya zo sayen kaya a Oktoba, daga aljihunsa ya cika. Dokar musayar kuɗi ta 2006 ta hana yanka farashi da kuɗin waje a cikin gida ba da izini ba, kuma Babban Bankin Gana ya sha tunatarwa. Mafita mai sauƙi ce: a rubuta da sidi, a rubuta ranar da farashin zai daina aiki, a karɓi kafin alƙalami daidai kuɗin kaya, a nuna rasit in kaya sun iso.

(Kiɗa)

A ganina, wurin da ake gane mai amana a wannan sana'a shi ne ranar da aka kira shi kan fiyanon da ya riga ya mutu.

Yawancin fiyanon da ke shigowa ta tashar Tema na hannu ne, waɗanda a nan muke ce wa hom-yus. Akwai nagari a ciki, musamman na Japan da ba su tsufa ba. Amma akwai waɗanda a Turai kyauta ake bayar da su, domin zubar da su ma sai an biya. Wani ya haura shekara ɗari. An goge jikinsa yana ƙyalli, a ciki kuwa katakon da ke riƙe da ƙusoshi ya tsage, ƙusoshin sun yi sako-sako. Irin wannan ko wane gwani ya saita shi, kafin mako ya zagayo ya warware. Mai gyara yana da zaɓi biyu. Ya riƙa zuwa duk wata uku yana karɓar kuɗi, yana ɗora laifi a kan hunturu, ko ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuɗin gyaransa ya fi kuɗinsa. Ku tara ku sayi wani." Na biyun ya rasa ciniki a ranar. Shi ya sa ya dace mai kaya ya biya kuɗin dubawa da daɗin rai, ko da ba a yi gyara ba. In ba a biyan mutum ladan faɗar gaskiya, an tura shi ne ya nemi abinci ta ɗaya hanyar.

Kuma wanda zai saya, ya tafi da mai gyaransa tun a shago, ba bayan an sauke kaya a gida ba. Sai dai a tambaye shi kai tsaye ko yana da la'ada a wurin mai shagon. La'ada ba haramun ba ce, kasuwancin Zongo da dillanci aka gina shi. Amma wanda ke cin la'adar mai sayarwa kuma yana karɓar ladan ba mai saye shawara, dole mai sayen ya sani.

Su ma masu kaya akwai nasu laifin. A ajiye fiyano jikin taga, rana na dukansa, ruwa na feso shi. A ɗora masa tulun fure. A kira mai saiti ana gobe biki, alhali jiya aka ɗauko kayan a bayan mota daga wata unguwa, ba a bar shi ya saba da iskar sabon ɗaki na mako biyu ko uku ba. A kira shi ya yi aikin kunne ana gwada lasifika a gefensa. Sannan a riƙe masa kuɗi a ce sai kwamiti ya zauna. Wanda ya taya aikin gwani da kuɗin koyo, kada ya yi mamaki in ɗan koyo aka turo masa.

Kibod ba ya buƙatar saiti, amma shi ne ya fi yawa a unguwanninmu, kuma nasa ciwon daban ne. Wutar Gana 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kibod ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Bronx ta Amurka, in aka soka shi a bango ba tare da duba abin da aka rubuta a jikin cajarsa ba, hayaƙi ne zai biyo baya. Shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, sun ƙona kaya ba adadi, domin dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna. Ga ƙura da ke shiga ƙarƙashin robar maɓallai ta sa wasu su yi shiru. Sau da yawa wannan wankewa kawai yake so, amma sai a ce wa mai kaya "bod ya ƙone". Ƙa'ida a nan ɗaya ce: duk abin da aka ce an sauya, a miƙo tsohon a hannu. A kuma rubuta lambar kayan a rasit kafin a bar shi a shago, domin kada lafiyayyen kibod ya zama wurin ciro kayan gyaran wani.

(Kiɗa kaɗan)

Wa zai tsawatar? A Ingila akwai ƙungiyar masu saitin fiyano tun 1913, kuma sai an ci jarrabawa ake zama cikakken ɗanta. A Amurka an kafa tasu a 1957, tana da jarrabawa uku: ta rubutu, ta saiti, da ta gyara. Abin lura, duka biyun ba lasisin gwamnati ba ne. Masu sana'ar ne suka ga in ba su tsare sunansu ba, baragurbi za su zubar da shi. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne: teloli na da ƙungiyarsu, masu gareji na da tasu, masu gyaran kayan lantarki na da GESTA, kuma a al'adarmu akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Fawa, waɗanda ake kai wa ƙara in ɗan sana'a ya saɓa.

Malamanmu na zaure ma sun riga kowa. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda aka rubuta tun ƙarni na 10 kuma har yau ake karanta ta a Zongo, ta yi bayanin ijara, cewa sai an san aikin an kuma san ladan kafin a ƙulla. A mazhabar Malikiyya kuma mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su inda mai su ba ya gani, sai in ya kawo shaidar cewa sun salwanta ba da sakacinsa ba. Wanda ya cire injin fiyanon mutane ya kai shagonsa, ko ya karɓi kibod ya ajiye, wannan hukunci da shi yake, kuma bai bambanta kayan Musulmi da na coci ba.

Ga samarinmu masu neman sana'a, wannan fage ne da ba cunkoso. Ba ya son babban jari: sifana ta musamman, 'yan robobin toshe tsirkiya, ƙarfen gwada sauti, sai haƙuri mai yawa da shekaru a ƙarƙashin masta. Bafaranshe Claude Montal makaho ne, amma a 1836 ya wallafa littafi kan saitin fiyano, kuma ta dalilinsa sana'ar ta zama hanyar cin abincin makafi a ƙasashe da dama. Torakusu Yamaha kuwa mai gyaran agogo da kayan asibiti ne. A 1887 aka kira shi ya duba wani ogan da ya lalace a makarantar firamare a Hamamatsu ta Japan, daga nan ya fara ƙera nasa, kuma a 1900 kamfaninsa ya fitar da fiyano na farko.

Abu na ƙarshe ga makarantu da coci-coci da otal-otal, kuma ba ya cin ko pesewa. Tsofaffin masu saiti sukan bar kati a cikin fiyano, ko su rubuta da fensir a gefen katako: suna, rana, abin da aka yi, da matakin da aka tarar da sauti da wanda aka bar shi. Ku nemi a dawo da wannan. Kwamiti na sauyawa, shugaban makaranta na tafiya, amma wanda aka kira badi zai buɗe ya ga aikin na bana, ya san ko saiti kawai ake buƙata ko an daɗe ana biyan kuɗin abin da ba a yi ba. Ku kuma yi yarjejeniya cewa in maɓalli ya maƙale ko wani sauti ya zame cikin mako biyu na farko, zai dawo ya duba ba tare da sabon kuɗin hannu ba.

A nan za mu dakata.  

(Kiɗan rufe shiri)